Kai Ka Samo Ido, Ni Na Rasa Gira

Zuwa ga Mai Agogona, inuwar da nake fakewa tun ina da jan sawu, rijiyar da ba ta taɓa ƙafe mini ba, tsohon zakaran da ya daina cara amma har yau shi nake jira ya tashe ni. Zumata, gishirin rayuwata, ciwon kaina kuma maganinsa!

Gaisuwa mai yawa kamar ganye a tsakiyar damina, da kewa mai nauyi kamar hadarin da ya haɗu ya ƙi zuba. Ya jikin? Ya idon? Ɗanmu ya kira ya ce likita ya cire bandejin, yanar nan da ta rufe maka gani shekara da shekaru ta tafi, har kana karanta lambar motocin da ke tsallaken titi kana yi wa mutanen asibiti burga. Alhamdu lillahi! Murnar da na yi ni kaɗai a tsakar gida sai da kajin maƙwabta suka watse. Na ƙi yi maka wannan maganar a waya ne da gangan. Wayar gidan nan ba ta da sirri, da ta yi ƙara jikarka, takwarata, ta zo ta manna kunne. Kuma ina so doguwar takardar farko da sabon idonka zai ci karo da ita ta zama tawa. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san bokona bai yi nisa ba. Na yi baƙaƙen manya-manya kamar sawun agwagwa a taɓo, don kada ka ce ba ka gani ba.

Ya hasken ɗakina, tun da ka tafi gidan nan ya zama kango. Kujerarka tana kallona ina kallonta. Ina dafa shayi in zuba kofi biyu, sai na kai baki in tuna. Babu mai yi mini tari da safe, babu mai neman hularsa tana bisa kansa. Agogon bangon ma ya tsaya, na bar shi, don ban ga amfanin lokacin da ba ka cikinsa ba. To, gaskiya kuma ban iya hawa kujera in wana shi ba, amma ka riƙe ta farkon, ta fi daɗin ji.

Ka tuna ranar da na kawo maka agogon babana a ɗan teburinka na ƙarƙashin bene? Ka wanke hannu, ka shimfiɗa farin ƙyalle, ka ɗora agogon kamar jariri, sannan ka dube ni ka ce, "In buɗe?" Agogo fa! Ƙarfe da gilashi, amma sai da ka nemi izini. Da ka leƙa cikinsa sai ka ɗago, ɗan madubin nan yana maƙale a idonka, ka ce, "Wannan ciwon nasa zai daɗe, sai kin riƙa zuwa dubiya." Maƙaryaci! Ƙura ce kawai ta shige shi, kowa ya sani. Na yi ta zuwa dubiya har takalmina ya suɗe. A zuwa na nawa ne ma ka yi ƙarfin hali ka ce girata biyu kamar jinjirin wata ya haifi tagwaye? Na koma gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa, na wuni a gaban madubi ina ɗaga su ina saukewa.

To, Mai Agogo, gyara zama. Tagwayen nan sun riga mu gidan gaskiya.

Mutane suna cewa garin neman gira a rasa ido. Mu namu ya zo a juye: kai ka je ka samo ido, ni na zauna a gida na rasa gira. Kuma da hannunka a ciki, don haka ka karanta har ƙarshe, kada ka yi gyangyaɗi.

Ka san takwarata ta ƙallafa rai a kan koyon kwalliya. Ubanta ya ce shi ba ruwansa, tun da a hannunmu ta tashi, makarantar da kai Baba Tsoho ka sa wa albarka nan za ta shiga. Kai kuma da ta kira ka tana wannan shagwaɓar tata, ina jin ka ta cikin waya ka narke kamar man shanu a rana: "Duk inda ranki ya kwanta, 'yar lelena, in na dawo sai mu je a rubuta sunanki." Duk inda ranta ya kwanta! Ran yarinya ai ko a bola sai ya kwanta in an yafa wa bolar ƙyalli. Shi ne na ɗauki mayafina na ce sai na ga wuraren nan da idona.

Makarantu uku ne. Akwai wata da ake koyo ta waya, wai malamar tana can wata duniya tana magana, ke kina nan kina kwaikwayo a kan kan roba. Wannan ban ɓata takalmina ba. Na ce wa takwara, wanda ya koyi iyo a kan tabarma, ranar da ya ga kogi sai dai a yi wa iyayensa gaisuwa. Saura biyu.

Ta farko ita ce wadda ranta ya kwanta. Tana bakin babban titi, ƙofar gilashi, da hotunan 'yan mata masu gashin ido kamar tsintsiya. Makonni kaɗan ake yi, a ba ka takardar shaida mai zinariya a gefe, a ɗauke ka hoto da doguwar riga. Muka je ranar da suke buɗe wa baƙi. Wayyo ƙamshi! Wayyo fitilu! Madubi ta gabas, madubi ta yamma, na ga tsohuwa goma sun shigo tare, duk ni ce. Mai makarantar ta taso tana taku ɗai-ɗai, fuskarta fara sol, wuyanta kuma na wata matar ce daban, yatsunta kamar an gasa su a gaɓoɓi. Farcenta kuwa, ban san yadda take tsarki ba, kuma ban tambaya ba. Ta kira ni "Momi". Ni! Da furfurata da jikokina.

Sai ta tafa hannu ta ce wa ɗalibanta, "Ga kai ya samu kyauta, wa bai yi gwaji ba yau?" Na waiga ina neman kan da ake magana. Ashe ni ce kan. A gidan nan ba mutum ke shigowa ba, kai ne. Kai uku da safe, kai biyar da yamma, a kawo kai na gaba. Ko a mahauta ai sai an kira dabba da sunanta kafin ta koma kai da ƙafa.

Na zauna. Zan gaya maka dalilin zamana a gaba, yanzu bar ni in amayar da abin da na gani.

Daga kujera ake ganin gaskiyar ɗaki, ya masoyina, kamar yadda daga ƙasa ake ganin cikin hancin mutum. Tawul ɗin da suka yafa mini a wuya yana da damshi, kuma ba damshin wanki ba ne, na wuyan wadda ta tashi ne. Matajin da aka cire daga kan wata mai amosani, ana ganin farin garin a haƙoransa, shi aka soka a kan ta kusa da ni, ko karkaɗewa babu. Soson hoda guda ɗaya tal, ya yi baƙi ya yi maiƙo kamar tsumman goge tukunya, yana yawo daga fuska zuwa fuska, ya taɓa mai ƙuraje ya taɓa mai lafiya, ba ya nuna bambanci. Wata ɗaliba tana cin abu a leda, ta lashe yatsa, ta dangwalo janbaki da shi ta shafa wa baiwar Allah a leɓe. Gam ɗin gashin ido ya ƙi fitowa, wata ta sa haƙori ta ɓula shi. A ƙarƙashin teburi, inda fitilar hoto ba ta kaiwa, gashin mutane ne ya taru ya dunƙule da ƙura kamar mushen ɓera, ga kyankyaso yana kiwo a ciki hankalinsa kwance, da alama shi ma ya kusa karɓar takardar shaida. Tir! 

Ina cikin wannan sai wata 'yar siririya mai cingam a baki ta sunkuyo ta ce, "Momi, a gyara girar?" To kai ka gaya mini, a Hausar da uwata ta koya mini, mene ne gyara? Ba abin da ka yi wa agogon mutane shekara da shekaru ba ne, a kawo maka abu da rauni ka mayar da shi da lafiya? Na ce a gyara mana, 'yar nan, ina zaton za ta taje su ta kwantar. Ta ce in rufe ido. Na ji wani abu mai sanyi ya bi ta nan, ƙyat, ya bi ta can, ƙyat. Ko da na buɗe, reza ce a hannunta, tsohuwa, mai ɗigon tsatsa, daga cikin wani kofi ta ɗauko ta, cikinsa ta mayar. An ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A makarantar nan ya zama! Sun sauke, kuma ko rabon ba a ba ni ba, hure shi ta yi ya bi iska.

Na dubi madubi. Inna lillahi! Goshina ya taso tun daga gashin kai bai tsaya ba sai a fatar ido, fili fetal kamar gonar da aka girbe. Wani dafaffen ƙwai ne yake kallona da ɗankunnena. Kafin in sami bakin salati sun kawo jagira sun zana mini wasu biyu, ɗaya ta nufi sama tana tambaya, ɗaya ta kwanta tana fushi. Suka laɓta mini hoda da soson nan, suka jawo fitila mai kamar zobe, wai za a ɗauki hoton "kafin" da "bayan".

Duk wannan da sauƙi, ya sanyin idona. Gashi ne. Ga abin da ya soke ni. Hawaye ya taru mini, na ɗaga hannu zan share, sai na ji an ce, "Kaka, don Allah ki daina motsi, kina ɓata hoton." Muryar takwarata ce. Ita ce riƙe da wayar. Yarinyar da na goya har bayana ya gaji, wadda in ƙaya ta soke ni ita ke fara kuka, ta dubi fuskata ba ta ga kakarta ba, ta ga kai. Wuni ɗaya fa ke nan, ba a ma rubuta sunanta ba! In ta yi makonni a can, me za ta gani in ta dube ka?

Kafin gari ya waye wurin ya yi ja, ƙuraje suka feso a jere inda rezar ta bi, ga ƙaiƙayi kamar an watsa mini tururuwa. Kuma ashe gira rumfa ce, ban sani ba sai da aka rushe ta: in ina girki gumi ba ya tsayawa ko'ina, kai tsaye yake gangarowa cikin ido. Maƙwabciyarmu mai ɗinki ta leƙo aron gishiri, ta dube ni, ta dafa bango tana dariya har da tari. Ta ce, "Iya, wane labari aka ba ki ne haka, tun jiya mamakin bai sake ki ba?" Na ce ta ɗauki gishirinta ta fita kafin in aske nata.

Duk da haka na ja ɗankwali har bisa ido kamar ɓarauniya, na ja takwara muka je ta biyun. Kada ka zaci zan ce maka aljanna ce. Tana bayan wani shagon magani, sai an hau wani matsattsen bene mai duhu, gwiwata tana tsine mini a kowace taka. Warin maganin wanke kaya ya doki hancina kamar asibiti. A kan wani teburi an jera kawunan roba masu gashi, idanunsu a buɗe, ba wuya ba jiki, na yi ta neman tsari. A lungu ga wata ɗaliba ta tsuguna ta rungumi ƙafar wata mata mai faso tana kankare kaushi, farin gari yana zuba kamar ana ɓare kifi. Na kau da kai. Wai wannan ma karatu ne, har da jarrabawa! Malamar kuwa guntuwa ce mai tabarau, ɗalibanta suna kiran ta Ba-Dariya a bayan idonta, kuma sun yi mata adalci. Ko ruwa ba ta ce a ba mu ba. Shekara guda da ɗoriya ake yi a wurinta, kuma watannin farko ba a taɓa kan kowa: wankin tawul, dafa mataji da almakashi a tukunya, shara, da haddar cututtukan fata daga wani littafi mai hotunan da suka hana ni cin abincin rana.

Ta dubi hannun takwara ta ce, "Waɗannan faratan, a yanke su kafin a sake hawo mini bene." Sannan ta dube ni, ta dubi ɗankwalin. Ta je ta wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu, ta dawo ta tsaya a gabana ta ce, "Iya, in ɗaga?"

Mai Agogo! Na ga farin ƙyalle, na ga teburin ƙarƙashin bene. Muguwar mata mai fuskar shanu, amma ta tambaya!

Da ta gani ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi mini jaje ba. Ta ce, "Reza mai datti. Kada a sa komai a nan sai ya warke, ko hoda ko jagira. Ki sauka ƙasa ki nuna wa mai magani." Na ce za su sake tsirowa? Ta ce, "A shekarunki, wataƙila. Ba na alkawarin abin da ba ni ke shuka shi ba." Ka ji baƙar magana! Amma gaskiya ce.

A hanya takwara ta kumbura kamar kwaɗo. Wai wannan ba makaranta ba ce, gidan bauta ne. Wai ƙawayenta za su gama su buɗe shago suna sa hotuna ita tana dafa mataji. Wai ni tsohuwa ce ban san zamani ba. Na ce zamanin ne ai ga shi a goshina, kowa yana karantawa.

Ba muguwa ba ce, ka fi kowa sani. Ita ke shafa mini maganin kullum da safe, hannunta a hankali kamar saukar raɓa, kuma hannun nan yana da baiwa, na rantse, shi ya sa nake kishinsa. Amma jiya tana shafawa sai ta ce, ƙasa-ƙasa, "Kaka, ranar da Baba Tsoho zai dawo ki bari in rufe ƙurajen da hoda in zana miki masu kyau. Wallahi ba zai gane ba." Ka ji? Darasin da ta ɗauko ke nan a wuni ɗaya: in ka yi ɓarna, shafa hoda a kai. Na riƙe hannunta na ce a'a. Ta yi kuka, ni ma na juya na yi nawa.

Yanzu ga dalilin da ya sa na zauna a kujerar can, kuma in ka gaya wa wani sai na ƙona hularka. Tsoro ne, ya tauraron asubata. Shekarun nan da kake gani dishi-dishi, hazo ya yi mini rana. Kana kallona ne da idon tuni, kana ce mini kyakkyawa, ina karɓa ina lashewa, alhali tamoji yana ta gina gidaje a fuskata ba ka sani ba. Da aka ce idonka zai buɗe, murna ta zo, tsoro ya biyo ta a baya kamar ɗan akuya. Me zai gani? Wace tsohuwa zai tarar a ɗakinsa? Shi ne da na ga fitilun nan na ce bari in ɗan faranta wa tsohona, ya buɗe ido a kan abin kallo. To ga abin kallo ya samu!

Don haka ina roƙon ka, don girman zaman da muka yi, don daren da muka raba bargo ɗaya da ranar da muka raba loma ɗaya: in ta kira ka kafin ka taso, kada ka ce to. Ka yi tari, ka ce layin ba kyau, ka ce likita ya hana ka yanke hukunci, ai ka iya irin wannan ƙaryar. Ba na so ka yarda da maganata, ka san bakina, nakan ƙara gishiri. Gani ya kori ji, kuma yanzu kana da abin ganin.

Ranar da motarka za ta tsaya a ƙofar gida, ba zan ɓuya a ɗaki ba. Zan tsaya a bakin ƙofa da rana tsaka, in tura ɗankwali baya, ba hoda, ba jagira, da ƙurajena da tamojina da filin goshina. Na so in tarbe ka kamar fure, zan tarbe ka kamar shaida. Na yarda ka yi dariya, don ni ma da kai ne da sai na faɗi ƙasa, amma ka gama ta a waje kafin ka shigo. In ka gama, ka share hawayenka a hankali kada ka ɓata aikin likita, ka kira 'yar lelenka, ka tsayar da ita kusa da ni, ka sa ta dube ni ba waya a hannunta. Sannan ka gaya mata da bakinka benen da za ta hau. Daga gare ni faɗa ne, daga gare ka albarka ce. Za ta yi fushi, za ta ƙi kawo maka shayi, zuciyarka za ta yi ta ɓararrakewa. Ka daure, ni zan kawo maka.

In sun tsiro, naka ne. In ba su tsiro ba, filin ma naka ne, ba mai gadonsa sai kai. Ni dai ina nan inda ka bar ni, kamar dutse a bakin kogi, ruwa ya zo ya wuce, ban gusa ba kuma ba zan gusa ba, har ranar da za a ɗauki ɗayanmu a bar ɗaya yana neman wanda zai tsokana.

Taka tun da gashi har babu,
Tsohuwarka mai jiran ƙarar mota.